Tambaya da Amsa: Kakar da sunanta ya ɓace, me za a rubuta a gurbinta?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka taɓo maganar manhajojin rubuta salsalar dangi saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duka a wuri ɗaya suke cijewa, wato kaka ko kakan da aka tabbatar ya rayu, ga 'ya'yansa ga jikokinsa, amma sunan ya bi iska. Na zaɓi guda huɗu. Ta farkon ce zata cinye mana fili don amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da matsala. Na sauke manhajar Gramps a ordinatar ɗin shagonmu na fara shigar da danginmu har nakai kan kakan babana, wanda ance daga Kano yazo Garwa da fataucin tufafi. Shi dai an san sunansa amma matansa uku ba wanda yasan sunan yankansu, ɗaya ana ce mata Inna ta Kano, ɗaya Goggo Mai Fura, ta ukun ma ko laƙabi babu, ance dai wajen haihuwa ta rasu. Ni sai na rubuta Inconnue, wato ba a sani ba da Faransanci, a duka ukun, yanzun in na bincika sai su fito a jere kaman mutum ɗaya na kasa gane wace ce wace. Abokina yace in sa musu Fatima ko A'isha kawai tunda ai sunan matan da bai wuce nan ba. Ya zanyi? Daga wani matashi a unguwar Yelwa, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka maka da wannan aikin zumunci da ka ɗauko. Shawarar abokinka kam ka ajiye ta gefe, kar ka sa Fatima kar ka sa A'isha. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ka duba inda abin zai kai. Yau kai ka san cike gurbi kayi, toh nan da shekara ashirin ɗan ƙaninka zai buɗe fayil ɗin yaga Fatima a rubuce ɓaro-ɓaro ba wata alama da zata nuna masa ƙirƙira ce, ya haifi 'ya mace ya yanka rago yace ya mayar da sunan kakarsa. Daga ranar zancen ya samu takwara, ba mai iya tuge shi kuma. Kuma ka san halinmu, abinda aka gani a rubuce ya fi ƙarfi a wajenmu akan abinda tsohuwa ta faɗa da baki, ko da kuwa tsohuwar ce mai gaskiya.

Inconnue ɗin ma ka goge shi. Kwamfuta bata san ma'anar kalma ba, duk abinda ka zuba a akwatin suna a wajenta suna ne, shi yasa ta jera maka su kaman 'yan gida ɗaya, kuma ranar da ka sa ta nemo mutanen da aka shigar sau biyu zata kawo maka su tace ko a haɗe su, in hannunka ya zame ka danna toh mata uku sun zama mace ɗaya. Turawa masu wannan harkar sun riga mu shan wannan wahala, wani ya rubuta UNK, wato ba a sani ba a taƙaice, wani LNU, wato ba a san sunan iyali ba, wani NN, shi NN ɗin daga Latin ne ma'anarsa ban san suna ba, sai na baya suka zo suna kwafa suna zaton Unk sunan wani gida ne. Har a takardun hukuma abin ya faru, mutanen Afganistan da yawa masu suna ɗaya tal sun shiga Amurka suka tarar an buga musu FNU a biza, wato ba a san sunan farko ba, haruffan nan uku suka bi su har kan lasisin tuƙi ana kiransu da shi kaman sunan yanka.

Abinda zaka yi shine ka bar akwatin sunan wayam. Gramps baya hana ka, shi da kansa zai nuna wani ɗan rubutu cikin baka mai cewa babu suna, kuma in ka shiga wajen saituna ɓangaren rubutu zaka iya canza shi ka sa da Hausa, ni nawa na sa "ba a samo sunan ba tukuna". Bambancin wannan da Inconnue ɗinka babba ne, don shi a fuskar allo kawai yake zaune baya shiga cikin bayanan. Su manhajojin nan akwai wani tsarin fayil da suke musayar bayanai da shi sunansa GEDCOM, cocin Momon na Amurka ne ya fito da shi a 1984, sabon zubinsa na 7 ya fito a 2021, toh ranar da ka fitar da aikinka ta wannan hanyar ka tura wa ɗan'uwanka na Yawunde ko na Kano gurbin zai isa wajensa fanko yadda yake a gaskiya. Sai dai in a shafin intanet na tarayya kake aiki ka bi dokar masu gidan, WikiTree sun ce a rubuta Unknown, 'yan Geni kuma NN suke sawa.

Amma ka ji ni da kyau a nan, don nan ne mutane suka fi yin kuskure. Suna nace ka bari fanko, ban ce ka bar matar ba. Kowace daga cikin ukun ka buɗe mata katinta daban, manhajar zata bata lambarta, irin I0045 ɗin nan da kake gani a gefe, ka ɗaura mata aurenta daban da mijin, ka sa 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Waɗanda suka ƙera abin nan a ransu miji ɗaya mata ɗaya ne, in ka ce tunda ba suna bari in tsallake matan in jingina yaran duka ga uban, zai zuba su a kwando ɗaya kaman ciki ɗaya suka fito. Mu kuwa a wajenmu ɗaki shine rabin labarin gida. Waye shaƙiƙin wane, waye ɗan uba, gadon gidan nan na kusa da kasuwa ta wane ɗaki ya gangaro, me yasa zuri'ar wancan ɗakin suka koma Gidar suka daina zuwa suna da biki, duk ba zaka gane ba sai matan nan uku suna tsaye kowace a gurbinta.

Inna ta Kano da Goggo Mai Fura kuwa ai ba marasa suna bane. Akwai akwatin laƙabi, in da Faransanci manhajarka take zaka ga an rubuta Surnom, can zaka sa su yadda ake faɗa, kar ka gyara kar ka taƙaita. Laƙabin ma labari ne. Ta Kano ya gaya maka da ita yazo ko kuma daga can aka kawo masa ita, kuma ya nuna akwai wata Innar da ake bambanta su. Mai Fura ya gaya maka sana'arta.

Yanzun bari in tsaya kan abinda ya fi damuna a wasiƙarka. Ka ce ba wanda yasan sunansu. Ni ban yarda ba sai ka gwada abinda zan faɗa maka. Sunayen iyayenmu mata ba sakaci ne ya ɓatar da su ba, kunya ce da girmamawa. 'Ya bata faɗin sunan uwarta, mata bata faɗin sunan mijinta, uwa bata faɗin sunan ɗan farinta, suruka kuwa ko kusa. Mace zata shekara saba'in a gida ana ce mata Inna, Dada, Iya, Hajiya Babba, duk wanda yake da hurumin kiran sunanta gatsau ya riga ta tafiya, sai a wayi gari jikoki ɗari ba mai iya kawo shi. Toh amma wanda ya ƙi faɗa daban wanda bai sani ba daban.

Ni kaina na sha wannan. Yayar babana tana nan unguwar Fulɓere, shekarunta sun haura tamanin, na je da littafina na zauna bakin tabarma nace Goggo mene ne sunan mahaifiyarku. Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta ce sunan Inna ai Inna. Na koma karo na biyu ta ɗauko min labarin farashin gero. A zuwa na uku muna zaune sai ga wata yarinyar gidan ta shigo da kwanon kunu, Ummi muke ce mata tun tana goye, ta durƙusa ta ajiye zata fita, sai Goggo ta turo leɓe wajenta ko kallona bata yi ba tace ga ta nan, ita aka mayar wa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Shekara goma sha huɗu yarinyar nan tana gilmawa ta gabana ɗauke da sunan da nake nema, ban taɓa tambayar me yasa ake ce mata Ummi ba. Na sa aka ɗauko aktan haihuwarta daga cikin leda a ƙasan akwati, ga sunan nan da rubutun Faransanci. Goggo bata furta shi ba har yau, nima ba zan buga shi a mujalla ba, amma yana cikin fayil ɗin gidanmu.

Don haka ka bi gidajen danginku ka lissafa duk wata Ummi, Mama, Inna ƙarama, Uwani, Hajiyayye, da duk wani Abba, Baba, Babangida, Abbati, ka tambaya sunan wa aka ɓoye a bayan wannan. Kar ka tambayi tsohuwa sunan uwarta, tambaye ta wa aka mayar wa. Sannan ka nemi waɗanda kunyar bata hau kansu ba, ƙawar marigayiyar in akwai mai sauran numfashi, jikokin kishiyarta, taubasai, da manyan jikokinta da suka yi wasan jika da kaka da ita, su ne suke kama sunan kaka su faɗa don tsokana.

Wani lokacin kuma laƙabin da kansa yake nuna hanya. Duk Bahaushe ya san Binta Fatima ce, Kulu Hauwa'u, Indo A'ishatu, Abu Zainabu, Dije Hadizatu, Garba Abubakar, Shehu Usmanu, Iro Ibrahim. In aka ce maka kakar Kulu ake ce mata ka sa Kulu a laƙabi, ka rubuta a bayani cewa galibi Kulu Hauwa'u ce, amma kar ka ɗaga shi zuwa akwatin sunan yanka sai ka samu wanda ya tabbatar. Su kuma irin Ladi, Talatu, Larai, Lami, Jummai, Asabe ranar haihuwa kawai suka gaya maka, Kande ta gaya maka maza ta biyo, Gambo tagwaye ya bi, Azumi a watan azumi ta zo, Auta ita ce ƙarshe. Ba su baka sunan yanka ba amma kowanne ya baka abin rubutawa, Kande ma ta tura ka neman yayyenta maza.

Sai takardu. Mu nan Kamaru muna da sa'a ɗaya, aktan haihuwa da katin dantite duka suna ɗauke da sunan uba da na uwa. Kenan matar da bata taɓa taka ƙofar meri ba sunanta yana iya kasancewa a tsohon katin ɗanta ko a jugement supplétif, takardar kotu mai maye gurbin aktan haihuwa, da aka yi masa lokacin shiga lakwal ko neman fasfo na aikin hajji. A gaban ma'aikaci dole ɗa ya faɗi sunan da baya faɗa a gida. Ka roƙi a buɗe maka akwatunan ƙarfen tsofaffi, ka ɗauki hoton duk takardar da ka gani gaba da baya kafin gara ta gama da ita.

Ita kuma ta ukun, baiwar Allah da ta rasu wajen haihuwa, in ka gama zagayen nan baka samu komai ba ka bar katinta ba suna ba laƙabi, amma ka cika wajen bayani: matar wane ce, ta nawa ce a jerin aure, wajen haihuwar wa ta rasu, ɗan ya rayu ko bai rayu ba, a ina aka binne ta. Shekara ma kar ka ƙirƙira. Yadda takardunmu suke cewa né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza, haka manhajar take karɓar wajen shekara kaza, kafin kaza, bayan kaza, ko tsakanin kaza da kaza, har kalandar Hijira Gramps yana da ita. Tsofaffi basa riƙe lamba amma suna riƙe abinda ya faru, sai kai ka mayar da shi lamba. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, an karɓe ta daga hannunsu a 1915, na dutsen Mora basu miƙa wuya ba sai 1916, babbar murar nan da ta kashe mutane a duniya 1918 ce, 'yancin kai 1960, jirgin ƙasa ya iso Ngawundare 1974, Ahijo ya sauka 1982. In aka ce ta rasu Jamus na gari ka rubuta tsakanin 1901 da 1915, ya wadatar. Kuma kowane abu ka sa wanda ya faɗa maka da ranar da kuka zauna, da idonsa ya gani ko shima ji yayi, akwai wajen nuna ƙarfin shaida mataki biyar daga mai rauni sosai zuwa mai ƙarfi sosai, ka yi amfani da shi tsakaninka da Allah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Kakana ya taso daga Katsina da ƙafa zashi Makka, guzuri ya ƙare masa a Abeshe ya zauna yana ɗinki, daga baya ya dawo nan. A gidanmu ana cewa mu jinin wani babban malamin Katsina ne amma tsakanin kakana da malamin ba wanda yasan mutum nawa ne. Zan iya sa mutum uku marasa suna in haɗa su tunda dai dole akwai su? Daga wani ɗan'uwa a Njamena.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kar ka gina wannan gadar. Waye yace maka uku ne ba biyar ba, kuma ta wajen uba ne ko ta wajen uwa, ko ma almajirancin gidan malamin aka yi har aka zama 'yan gida? Kati mara suna ana buɗe shi ne ga mutumin da aka san gurbinsa daidai, misali an tabbatar kakanka da wani wa da ƙane ne uba ɗaya amma an manta sunan uban, toh nan dole ka buɗe wa uban kati don shine igiyar da ta ɗaure su. Abinda kake so kayi kuwa zato ne zaka sa wa riga. Ka tsaya a inda saninku ya tsaya, a katin kakanka ka rubuta cewa a gida ana faɗin ku zuri'ar malam wane ne, ga waɗanda suka faɗa. Maganar bata ɓace ba kuma baka mayar da ita hujja ba. Abin nan ba ƙarami bane a addini, hadisi ya inganta a Buhari da Muslim kan tsananin laifin wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane, kuma aya ta 5 a suratul Ahzab tace a kira mutane da iyayensu, in ba a san iyayen ba toh 'yan'uwanku ne a addini. Bata ce a nemo musu wani uban a liƙa ba.

Ka kula kuma da kalmar ɗa a bakin tsofaffi, ɗan wane yana iya zama ɗan riƙo ko agola ko ɗan ƙane, manhajar tana da wajen nuna ko na haihuwa ne ko na riƙo.

Inda zan tura ka shine gafakar kakanka in tana nan. Masu rubuta Alƙur'ani da littattafai da hannu sukan sa sunansu a ƙarshe, wane ɗan wane ɗan wane, wani lokacin har da garinsu, takarda ɗaya irin wannan ta fi mutum uku na zato. Kuma hanyar da ya biyo ba shi kaɗai bane, dubban Hausawa sun bi ta, Barno, Kusiri, Fort-Lamy wadda ta koma Njamena a 1973, Ati, Abeshe, Adre, su faɗa Sudan ta Junaina, wasu sun isa wasu sun zauna a hanya, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma mutanenmu ne da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa shi. In wani ɗan'uwan kakanka ya wuce gaba zai yiwu sunan da kuka manta a nan yana bakin jikokinsa a can. Wajen rubuta gari ka sa sunan da yake ɗauke da shi a lokacin, wanda aka haifa a 1950 a Fort-Lamy aka haife shi.

TAMBAYA: Malam don Allah kar a sa sunana. Kakar mamana sa-ɗaka ce, ance tun tana yarinya aka kamo ta daga kudu, sunan da ake kiranta da shi a gidan aka sa mata, na iyayenta ba wanda ya sani. Kawuna yace in na sa ta a ciki zan tona asirin gida, in rubuta uwargidan a matsayin uwar kakata kawai. Raina bai kwanta ba. Daga wata 'yar'uwa a Ngawundare.

AMSA: Ƙanwata, ranki ya gaya miki gaskiya. Na karanta wasiƙarki sau uku. Yarinyar nan an raba ta da uwarta da garinsu da harshenta, an raba ta da sunan da aka raɗa mata, abu ɗaya da ya rage mata a duniya shine 'ya'yan da ta haifa, yanzun kuma ana so a karɓe su a bai wa wata a rubuce. Kar ki zama hannun da zai yi wannan.

Kuma ba gidanku kaɗai bane. Duk wanda ya san tarihin Adamawa ya san hare-haren da aka riƙa kaiwa ƙasashen Gbaya da Laka da sauransu a ƙarni na 19 har farkon na 20, gidaje da yawa a Ngawundare da Tibati da Rai Buba da Garwa akwai irin wannan kakar a tushensu, har gidajen sarauta. Abin kunyar ba a kanta yake ba. Annabi Isma'ila ɗan Hajara ne, Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) Mariya ce ta haife shi.

Ga yadda zaki rubuta. Sunan da aka sa mata a gidan ki sa shi, amma a nau'in suna ki zaɓi wanda aka fi saninta da shi, kar ki zaɓi sunan haihuwa, don wanda zai karanta ya gane akwai wani sunan kafin wannan. Iyayenta kar ki buɗe musu kati tunda ba abinda aka sani a kansu. A bayani ki tattara duk ɗan abinda ya rage, tsagar fuskarta yaya take, akwai wata kalma ko waƙar reno da take yi da wani yare, wane abinci take dafawa da ba a saba da shi a gidan ba, ta taɓa ambaton wani kogi ko dutse. Ki tambayi mamanki da yayyenta mata tun suna nan, su ne suka kwana a ɗakinta. Irin waɗannan ƙananan abubuwan su ne kaɗai zasu iya nuna wa wani na gaba daga ina ta fito.

Kawunki kuma kar ki yi masa tsaye, babba ne kuma tsoron bakin mutane yake ji musamman wajen neman aure. A Gramps kowane kati da kowane bayani akwai ɗan kwaɗo da ake dannawa ya zama na sirri, in za a fitar da fayil ko a buga a takarda sai a ce a tsallake na sirri. Ki kulle bayanin yadda ta zo gidan, ki nuna masa da idonsa cewa ba zai fita waje ba. Amma layin da ya haɗa ta da 'yarta ki bar shi a inda Allah ya sa shi, don ko maganar gado da muharramaka ta isa ta hana a canza wa mutum uwa.

TAMBAYA: Ni matsalata akwatin Nom de famille ne, mu bamu da sunan iyali, kuma waya kawai gareni ba ordinatar. Daga wani ɗalibi a Domayo, Marwa.

AMSA: Gaskiyarka ɗana, akwatin nan don Turawa aka yi shi. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta, ni sunan uba nake sawa a wajen, in ba a san uban ba in bar shi fanko. Kar ka ɗauki sunan da yake katinka yau ka bi kakanni kana liƙa musu, basu taɓa amsa shi ba, kuma mace kar ka sa mata sunan mijinta, da na ubanta ake saninta. Rubutun suna kuma ka sa yadda ake faɗa a gida, Umaru, Usmanu, A'ishatu, sannan ka ƙara na takarda a matsayin suna na biyu, Oumarou, Ousmanou, Aïssatou, don wanda zai nema a meri da wannan zai nema, ɗan'uwanku na Mubi ko Yola kuma da na farkon.

Maganar waya, Gramps na kwamfuta ne, kyauta ne kuma baya buƙatar intanet. A waya akwai FamilySearch shima kyauta, amma ka san abu biyu kafin ka zuba danginka. Salsala ɗaya ce ta duniya duka, wanda ya rasu kowa zai iya ganinsa ya kuma gyara abinda ka rubuta, masu rai ne kawai ake ɓoyewa. Na biyu na cocin Momon ne, kuma dalilin da yasa suka damu da tara sunayen magabata aƙidarsu ce ta yi wa matattun danginsu baftisma. Ka yi shawara da manyanka tukuna.

Ni da zaka bi tawa, ka sayi kaye mai kauri na ɗari biyar, kowane mutum shafinsa da lambarsa, wanda ba a san sunansa ba ka ja layi a saman shafin ka bar wajen, ka cika ƙasan da abinda aka sani. Wayar kuma ka yi amfani da ita wajen naɗar muryar tsofaffi, da izininsu, ka tura wa mutum biyu a dangi ta WhatsApp don ko ta faɗa ruwa. Hutun nan da ke tafe ka fara da wadda ta fi kowa tsufa a gidanku, ka tafi mata da goro, kuma kar ka buɗe littafin a zaman farko.